Kwamfuta Mai Ƙarfin Aiki: Wacce Ce Kibod Da Jikinta Za Su Jure Wahalar Kaduna?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan yayata da ke karatun zanen gine-gine a Kadpoly ya zo gida da wayarsa cike da hotunan kwamfutocin tafi-da-gidanka. Ya ce, "Kawu, kuɗin sun haɗu, amma kaina ya ɗaure. Wannan sabuwa ce, katin girafik na RTX gare ta. Wannan ta hannu ce, an ce ba ta jin wahala. Abokaina kuma sun ce in ƙara kuɗi in ɗauki MacBook in huta." Ya yi ta lissafo mini furosesa da RAM da katin girafik. Kibod bai fito daga bakinsa ko sau ɗaya ba, balle hinjin da ke riƙe da murfi. Alhali a shekarun da na yi ina aikin zane da buga takardu a garin nan, ban cika ganin kwamfuta mai ƙarfi ta mutu ta ciki ba. Jiki ne ke fara sallamawa. Maɓalli ya daina amsawa, kusurwar murfi ta tsage, injin kuwa lafiyarsa lau.

Ni ma abin ya taɓa cin ni. Na sayi wata kwamfutar gem sabuwa fil, tana gudu kamar iska. Hunturunta na biyu, harafin E da dogon maɓallin tazara suka fara ƙin amsawa sai an danne su da ƙarfi. Na kai ta wurin wani mai gyara ta wajen titin Ahmadu Bello, ya kwance ta a gabana. Ya cire batir, ya cire fanka biyu da bututun da ke jan zafi, ya ɗaga bod ɗin, wato babban allon da furosesa ke zaune a kai, gaba ɗaya, sannan ya kai ga bayan kibod. Da bakin sukundireba ya nuna mini farantin ƙarfen da ya rufe shi, an kafe shi da ƙananan ƙusoshin roba waɗanda aka narkar da kawunansu, jere-jere ko'ina. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba a yi shi don a cire ba. Ko dai in fasa ƙusoshin in mayar da gam, ko mu yi odar murfin saman gaba ɗaya daga Legas." Na zaɓi oda. Sati uku ina aikin mutane da aron kwamfuta saboda maɓalli biyu.

Abin da za ka auna kafin ka kalli farashi

Na farko shi ne lanƙwasawa. Sa yatsa a tsakiyar kibod, wajen G da H, ka danna. In farantin ya nutsa kamar murfin bokitin roba, babu ƙashi a ƙarƙashinsa. Wannan lanƙwasawar ba hannu kaɗai take gajiyarwa ba: duk sanda aka ɗaga kwamfutar ta kusurwa ɗaya, ko aka matse jakarta a cikin Keke Napep, bod ɗin da ke ciki ma yana lanƙwasawa.

Na biyu, zurfin nitsewar maɓalli. Ana auna shi da milimita. Wajen 1 gajere ne, 1.5 matsakaici, 1.8 kuwa mai rubutu da yawa zai ji daɗinsa. Wannan ya danganta da hannun mutum, ba zan tsaya a kansa ba.

Na uku, ƙura da ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga inda iska ma ba ta shiga. Wanda ke zaune a Rigasa ko Mando ko kusa da titin da ba kwalta ya san yadda tebur ke yin fari kafin azahar. Kwamfuta mai ƙarfi kuma fankarta zuƙar iska take yi ba hutu, wasu har ta tsakanin maɓallai suke zuƙa. Sai kuma kofin shayi da ledar fiya wata da ba sa rabuwa da teburin aiki.

Na huɗu, hinji da abin da aka ɗaure shi a kai. Hinjin kansa ƙarfe ne a kusan kowace kwamfuta, ba ya cika karyewa. Matsalar tana wurin da sukurorinsa suka shiga. A masu arha, ƙananan notin tagulla ne aka dasa cikin roba. Ƙura ta shiga hinji ya yi tauri, zafin Maris da Afrilu da zafin injin su gasa robar ta bushe, wata rana ka buɗe murfi ka ji ƙas, noti ya fito da gutsuren robarsa. In kuwa a jikin ƙarfe aka ɗaure hinjin, shekaru zai yi yana aiki.

Na biyar, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: in kibod ya lalace, yaya ake canza shi? Babu kibod ɗin da ba ya tsufa. Bambancin shi ne wani sukuru biyu ko uku za a kwance a zare shi ta sama cikin minti kaɗan, wani sai an kwashe kayan ciki duka, wani kuma haɗe yake da murfin sama, sai an sayi abin gaba ɗaya. Da wannan nake haɗa samuwar kayan gyara, domin yawancinsu daga Computer Village ta Ikeja ake turo su, kuma ƙirar da ta yi yawa a hannun jama'a ita ce kayanta ke zuwa da wuri, da arha.

Akwai wata lamba da za ka gani a talla, MIL-STD-810G ko 810H. Tsarin gwaji ne na ma'aikatar tsaron Amurka, ya ƙunshi jijjiga, zafi, sanyi, ƙura da sauransu. Alama ce mai kyau, amma kamfani ne ke zaɓar gwaje-gwajen da zai yi daga ciki, don haka kwamfutoci biyu masu wannan lambar ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Kada ka ɗauke ta a matsayin garantin cewa za ta faɗo daga tebur ta tashi.

Masu kauri na ƙwararru: ThinkPad P, ZBook, Precision 7000

Waɗannan an ƙera su ne domin injiniyoyi da masu zane a manyan kamfanoni, inda ake sayen ɗaruruwa a lokaci guda kuma ake son ma'aikacin gyara ya iya canza kowane sashe ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan tunanin shi ke amfanar mu idan suka iso nan a matsayin na hannu. Ina nufin irin su Lenovo ThinkPad P52 da P53 da P15, HP ZBook 15 G5 da G6 da Fury, da Dell Precision 7530, 7540 da 7550.

Jikinsu yana da ƙashin magnesiyam ko alminiyom a ciki, hinji a jikin ƙarfe yake zaune, kibod ba ya nutsawa. A bangaren daɗin rubutu ThinkPad ce ke gaba. Sunanta a wannan fanni ya samo asali tun zamanin IBM, wanda ya fara fitar da ita a 1992 kafin Lenovo ya saye sashen a 2005. Maɓallanta suna da ɗan kwari a sama da ke karɓar yatsa, suna nitsewa sosai, kuma an yi kibod ɗin yadda zai jure ɗan ruwan da ya zuba kafin ka yi saurin kashe ta. ZBook da Precision ba su kai ta laushi a hannuna ba, amma ba su da rauni. A waɗannan ƙirar da na lissafa, kibod ta sama yake fita, har ma wasu ramukan RAM a ƙarƙashinsa suke, wato tun asali an san za a riƙa ɗaga shi. Sai dai a sababbin da suka biyo baya kamfanoni sun fara haɗe wasu, don haka ka tambayi ainihin lambar ƙirar, kada ka tsaya ga sunan kawai.

Aibinsu a fili yake. Nauyinsu kilo biyu da rabi ne zuwa kusan uku, ga caja mai girman bulo. Batir ba ya daɗewa, na hannu kuwa sau da yawa ya riga ya gaji. Katin girafik na 2018 kamar Quadro P1000 ko P2000 ba zai kamo RTX 4050 ko 4060 da suka fito a kwamfutocin gem a 2023 ba. Sannan ka kula da shekaru: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesar Intel ƙarni na 8 yake farawa. P50, P51, ZBook G3 da G4, Precision 7510 da 7520 duk sun faɗo ƙasa da wannan layin, komai kyan jikinsu. Ta fuskar kuɗi, sabuwarsu mai kayan ciki na kirki takan haura dala 2,000, amma ta hannu sau da yawa ba ta kai kuɗin sabuwar kwamfutar gem ba.

Kwamfutocin gem: Nitro, Victus, LOQ, TUF, Legion

Nan ne idon matasa ya fi karkata, kuma suna da hujja. Babu inda kuɗinka zai sayo maka ƙarfin girafik kamar nan, ƙananansu sukan fara ƙasa da dala 1,000 a kasuwar Amurka. Amma kamfani bai yi sihiri ba. In ya zuba kuɗin a katin girafik, wani wuri ya rage, kuma jiki ne wurin. Acer Nitro, HP Victus da Lenovo LOQ yawancin jikinsu roba ne. Murfin yakan yi rawa in ana bugu da ƙarfi ko fanka na kaɗawa a kai, kuma a da yawa daga cikin wannan aji kibod haɗe yake da murfin sama. Ga zafi: furosesa da katin girafik daidai ƙarƙashin maɓallan suke, in aiki ya yi nauyi za ka ji shi a yatsunka.

Ba duka suka zama ɗaya ba. ASUS TUF an ƙera ta da niyyar jure wahala, kuma tana ɗauke da waccan lambar gwajin soja. Legion 5 ta fi ƙannenta tauri, kibod ɗinta mai nitsewar milimita 1.5 yana da daɗi, ba mamaki tunda gida ɗaya suka fito da ThinkPad. Legion 7 kuwa alminiyom ce, amma kuɗinta ya bar wannan aji. Akwai ma Alienware da ta fara ba da zaɓin maɓallan Cherry MX a 2021, irin na kibod ɗin tebur da aka ƙanƙanta, sai dai in ya lalace a Kaduna samun madadinsa aiki ne.

Wanda ya zaɓi wannan aji, shawarata ɗaya ce kuma da gaske nake: ya sayi kibod na waje mai arha da linzami, ya ɗora kwamfutar a kan abin da zai ɗaga bayanta, ya bar nata kibod ɗin don ranar fita. Ya riƙa buɗe murfi daga tsakiya, ba daga kusurwa ba. Ranar da ya ji hinji ya fara tauri ko yana ƙara, ya kai a sassauta shi tun robar ba ta fashe ba. Gyaran minti ashirin ne kafin ta fashe, bayan ta fashe kuwa sai gam da addu'a.

MacBook Pro

In ana maganar taurin jiki zalla, da wuya a ture ta. Tun 2008 Apple ke sassaƙa jikin daga dunƙulen alminiyom guda, ba ta lanƙwasawa, ba ta ƙara, hinjinta da yatsa ɗaya ake buɗe shi. Masu furosesar M da Apple ya ƙera da kansa, musamman ƙirar inci 14 da 16 da suka fara fitowa a 2021, batirinsu yana kai mutum nesa kuma ƙarfinsu ba ya raguwa in an ɗauke wuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a nan.

Amma dole in ja kunnen mai sayen ta hannu. Daga 2016 zuwa 2019 MacBook Pro ta zo da wani siririn kibod da ake kira Butterfly, wanda ƙwayar ƙura kaɗai kan sa harafi ya maƙale ko ya riƙa fita sau biyu. Ƙorafi ya yi yawa har Apple ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya koma tsohon tsarin maɓallai mai kama da almakashi daga ƙirar inci 16 ta ƙarshen 2019, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Abin da ya kasa jure ƙurar ofis a can, ka ƙiyasta shi da hunturun Kaduna. Irin waɗannan suna nan a kasuwa, ƙyalli kamar sababbi, farashi mai jan hankali. Kyan ɗan maciji ne, ka wuce su.

Sababbin kibod ɗinsu lafiya lau ne, nitsewarsa wajen milimita 1. Sai dai ba a yi shi don ruwa ba, kuma kafe yake a murfin sama, gyaran da kamfani ya sani shi ne canza murfin. RAM da ma'ajiyar bayanai a like suke, ba a ƙara su. Tazarar da ke tsakanin gilashi da maɓallai ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ƙwayar tsakuwa ko murfin biro in aka rufe a kai zai iya fasa sikirin, kuma sikirin ɗinta na daga cikin mafi tsada. Apple ba shi da shago nasa na kansa a Najeriya, wakilai ne. Ga mai zanen gini akwai wata babbar katanga: manhajojin zane da taswira irin su Revit, SolidWorks, Lumion da ArcGIS Pro duk na Windows ne. Farashin da ta fito da shi a 2021 dala 1,999 ne ga inci 14, dala 2,499 ga inci 16, kuma ta hannunta ba ta saurin faɗuwa.

Sirara masu tsada: XPS 15, Precision 5000, ThinkPad P1, Zephyrus, Razer Blade

Ba zan daɗe a nan ba. Suna da kyau, ba nauyi, jikinsu alminiyom ne ko magnesiyam, XPS 15 ta shekarun baya har da zaren kabon a wurin ɗora hannu. Tauri akwai. Abin da aka sadaukar shi ne sarari: injin mai zafi a cikin jiki siriri, fanka ƙanana da ƙura ke saurin toshewa, batir kusa da zafi. Batirin da ya sha zafi yakan kumbura, ya turo faifan linzami sama, wani lokaci har ya buɗe bakin jikin. Kibod ta ciki ake ɗaure shi, sai an cire bod kafin a kai gare shi. Na Dell da Lenovo ana samun kayansu, Razer kuwa ka shirya jira. Masu jikin ƙarfe duka, har da MacBook, in soket ba shi da wayar ƙasa sukan ɗan ja mutum a hannu lokacin caji, musamman a kan janareta.

| Aji | Taurin jiki | Kibod | Canza kibod | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Masu kauri na ƙwararru | Sosai | Mafi daɗi, yana jure ɗan ruwa | Sauƙi, ta sama | Ta hannu da dama-dama, sabuwa tsada | Nauyi, tsohon batir, tsohon girafik |
| Gem masu arha | Matsakaici zuwa ƙasa | Ba laifi, yana zafi | Wuya, galibi da murfin sama | Mafi arha a sababbi | Hinji da robar da ke riƙe shi |
| TUF da Legion | Da kyau | Da kyau | Wuya | Matsakaici | Nauyi, batir, ƙura a fanka |
| MacBook Pro mai M | Sosai | Gajere, daidai | Wuya da tsada | Tsada | Ruwa, sikirin, kulle iCloud |
| Sirara masu tsada | Da kyau | Gajere zuwa matsakaici | Wuya | Tsada | Zafi, kumburin batir |

Minti goma a shago

Ko wacce ka zaɓa, kada kunyar mai shago ta hana ka gwaji. Buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, har da lambobi da na sama. Dogon maɓallin tazara ka gwada shi a gefen dama da hagu, ba tsakiya kaɗai ba. Buɗe murfi ka rufe sau biyar kana kallon kusurwoyin baya. In ka ga roba na buɗe baki, ko alamar gam, ajiye ta. Ɗora ta a shimfiɗaɗɗen tebur ka ga ko tana rawa, ka shafa faifan linzami ka ji ko ya taso.

Na hannu da 'yan kasuwa ke kira landan yus daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Wadda ta fito daga Faransa layin harufanta da AZERTY yake farawa, ta Jamus da QWERTZ, kuma wasu sukan manna sitika ko su sake fenti don su ɓoye. Kunna hasken kibod, za ka gane. Ga mai rubuta Hausa, ƙ da ɗ da ɓ ba daga jikin kibod suke ba, saiti ne a manhaja, don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi a kan wannan. A MacBook ka tabbata tsohon mai ita ya fita daga iCloud kuma ba a ɗaure ta da wani kamfani ba. A na ƙwararru ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun Windows bai tashi ba, ka ga ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Ka nemi rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin gwaji a rubuce.

Wa ya dace da wacce

Mai rubutu da lissafi dare da rana, lauya ne, mai bincike ne, mai rubuta manhaja ne, ko injiniyan da ke yawo da kwamfuta zuwa wurin aiki a kan hanyar Zariya ko Kachia, ya nemi mai kauri ta ƙwararru daga 2018 zuwa sama, ya ware kuɗin sabon batir tun ranar saye. A nan ne karin maganar nan ta sayen nagari mayar da kuɗi gida ta fi zama daidai.

Wanda aikinsa ke cin girafik, haɗa hoton gini mai motsi ko gem, kuma kwamfutar a tebur za ta fi zama, ya ɗauki Legion ko TUF in aljihu ya kai. In bai kai ba, Victus, LOQ ko Nitro za su yi aikin, da sharaɗin kibod na waje da kai ta a busa mata ƙura bayan kowane hunturu.

Mai tace bidiyo da sauti, mai ɗaukar hoton biki, wanda ke hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja yana aiki a hanya, MacBook Pro mai M ta dace da shi, muddin yana da abin gyara a gefe kuma ba ya ajiye shayi kusa da ita. Sirara masu Windows na wanda dole sai ya yi amfani da manhajar Windows ne, bayansa kuma ba zai ɗauki kilo uku kullum ba, kuma yana aiki a ɗaki mai sanyi.

Ɗan yayata Revit da AutoCAD ne aikinsa na kullum, Lumion sai ƙarshen zango, kuma daga Unguwar Rimi yake shiga Keke zuwa makaranta da jaka a baya. Na ce masa ya nemi ThinkPad P53, ZBook 15 G6 ko Precision 7540, wadda ke da Quadro RTX 3000 in ya samu. Ya ɗan ɓata fuska, ya ce, "Kawu, ai ba ta da fitilu masu launi." Na ce ya zuba babban aikinsa na zangon da ya wuce a filas, ranar Litinin mu je shagon tare, mu buɗe shi a kan kowacce, mu kuma sa mai shagon ya nuna mana inda sukurorin kibod suke.